Gwangwani Na Uku

A El Alto, inda sanyi ke kwana cikin ƙashi,
inda gidaje ke tsaye da jan bulo, ba shafe,
ni Nemesia Apaza, mai ɗinkin siket,
gwangwanin madara uku nake ɓoyewa bayan buhun dankali.

Na farko na rubuta masa: bulo.
Ɗaki muke so a sama, taga na kallon gabas,
rana ta riske mu tun muna cikin bargo.
Na biyu na rubuta masa: Delfina,
kuɗin makarantar jinya, nan da shekara biyu.
Na uku ban rubuta masa komai ba.
Wa ya san sunan baƙon da ba ya sallama?

Ranar Asabar, in an tashi kasuwa,
nakan zazzage aljihu a kan gado.
In goma ce, biyar ta bulo, uku ta yarinya,
biyu ta marar suna.
Wani makon ɗaya tak.
Wani makon sai dai in ɗaga shi in girgiza,
in ji amonsa, in mayar.

Casiano, mijina, direban ƙaramar bas,
ya ce: "Jakin da ba ya ɗaukar kaya kike ba dusa.
Bulo kullum tashi yake.
Juye wannan cikin wancan, mu yi rufi kafin ruwa."
Na ce: "Ka taɓa hawa hanya ba safaya?"
Ya ce: "Safaya ba ta cin abinci duk Asabar."
Muka kwana kowa na kallon bangonsa.

Ba zan yi ƙarya ba, ni ma na taɓa sa hannu.
Wata hula na gani a shago, ruwan ƙasa,
ta zauna mini a ka kamar da ita aka haife ni.
Wata uku na yi ina biyan kaina bashi,
ina jin kunyar gwangwani.

Sai ga ranar.
Siket arba'in na 'yan rawa, biki saura kwana tara,
na karɓi kafin alƙalami, na sayi yadi da shi.
Ina kan na sha ɗaya keke ya yi tari,
ya yi shiru,
warin ƙuna ya cika ɗakin.
Evaristo mai gyara ya shinshina, ya kaɗa kai:
"Injin ya mutu. Sabo ɗari tara."

Akwai mai ba da bashi da ruwa a bakin layinmu,
fara'arsa ta fi ta kowa.
Na wuce shi, na gaishe shi, ban tsaya ba.

Da wuƙar fere dankali na ɓalle murfin.
Na ƙirga a kan gado, na sake ƙirgawa,
ko ƙirge zai haihu.
Ɗari takwas da arba'in.

Casiano na tsaye a bakin ƙofa, hula a hannu.
Bai ce komai ba.
Ya laluba aljihu, cinikin yini, duk tsaba,
ya tsame sittin ya ɗora a kan tulin.
Shi ya goya keken ya sauka da shi matakala.

Siket arba'in suka juya a titi ranar bikin.
Ban je ba. Barci na yi.

Bulo na nan yadda yake, ba a taɓa ba.
Na Delfina ma haka.
Ɗakin sama kuwa ba bana ba,
rana za ta ɗan jira mu.

Asabar ɗin nan na jefa biyu cikin na ukun.
Gwangwanin da ba komai ya fi ƙara,
har Casiano ya jiyo daga tsakar gida.
Ya shigo yana share man inji a wando,
ya jefa ɗaya a kai.
Ya ce: "Ta jakin ce."